Haihuwa ta samu, amma wa ke tuna da zuciyar mai PCOS?

Uwar Biyu, Mabera

Assalamu alaikum, 'yan uwa mata na wannan zaure. Akwai damuwar da ta hana ni sukuni tun ranar Talata, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta nan, domin na san masu irin lalurata suna da yawa a cikinmu, ko da ba kowa ce ke son a sani ba. Shekara tara ke nan da aka gaya mini ina da PCOS, wato lalurar gidan ƙwai da ke rikita al'ada, ta kuma wahalar da samun ciki. A lokacin ina da shekara uku da aure babu ko ɓatan wata, al'adata takan yi wata uku ko huɗu ba ta zo ba, ga gashi ya fara tsirowa a haɓata. Aka yi mini hoton ciki, aka ɗora ni a kan magani, Allah cikin ikonsa ya ba ni tagwaye. Tun daga ranar suna ban sake taka asibiti a kan wannan maganar ba, domin a tunanina cutar haihuwa ce, haihuwa kuwa ta samu.

Ranar Talata na raka ƙanwata awon ciki. Ina zaune a kan benci sai na roƙi ma'aikaciyar jinya ta auna jinina ni ma. Ta auna sau biyu, ta samu 152 bisa 96. Ta tambayi shekaruna, na ce 34, sai ta ɗaga mayafina ta duba bayan wuyana, wurin da ya yi baƙi ya yi kauri, wanda na daɗe ina gurzawa da soso ina zaton dauɗa ce. Tambayar farko da ta yi mini bayan haka ita ce ko al'adata tana zuwa daidai. Mahaifiyata hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki tana da shekara 52, shi ya sa hankalina ya tashi. Mece ce alaƙar gidan ƙwai da zuciya, kuma me ya kamata in ci ko in bari, a cikin abincinmu na nan gida?

Sista, Gawon Nama

Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Inna, ya ba ki lafiya. Ki kwantar da hankalinki tukuna, domin ba a yanke hukuncin hawan jini da awon rana ɗaya. Ki koma a sake aunawa a ranaku daban-daban, bayan kin zauna kin huta na minti biyar. Idan ya ci gaba da kai 140 bisa 90 ko ya wuce, to magana ta tabbata, kuma sai kin ga likita. Amma wadda ta duba wuyanki ta san aikinta.

Likitar Mata, Arkilla

Yaya, kin yi tambayar da ya kamata a ce mu ma'aikatan lafiya mun amsa miki tun ranar da aka faɗa miki sunan cutar. Sunan ne ma ya fara ɓatar da mutane. Tun da likitoci biyu na birnin Shikago a Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana ta a 1935, hankali ya tafi kan gidan ƙwai, saboda a nan ake ganin ƙananan ƙwayaye da suka fara girma suka tsaya, sun jeru kamar 'ya'yan tasbaha. Ƙa'idar da aka amince da ita a taron masana na birnin Rotadam a ƙasar Holan a 2003 ta ce alamomi biyu daga cikin uku sun isa: rikicewar al'ada, yawan sinadarin maza da ke kawo gashin fuska da ƙuraje, da kuma abin da hoto ya nuna. Duka ukun suna kallon haihuwa da fata, alhali ga mafi yawan mata tushen abin yana cikin yadda jiki ke mu'amala da insulin.

Insulin shi ne sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. A jikin mai PCOS ƙofar tana da tauri, don haka jiki yakan zuba insulin mai yawa kafin ta buɗe. Wannan yawan shi ke zuga gidan ƙwai ya ƙara sinadarin maza har ƙwai ya kasa nuna, kuma shi ke baƙanta bayan wuya da hammata. Shi ne dai ke tara kitse a tumbi, ya sa hanta ta ƙara kitsen da ke yawo a jini, ya rage mai kyau daga cikinsa, ya kuma sa ƙoda ta riƙe gishiri har jini ya hau. Kin ga ke nan haihuwar tagwaye ba ta taɓa wannan ɓangaren ba ko kaɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da wannan lalura, kuma har kashi 70 cikin ɗari ba a gano tasu ba. Jagorar ƙasa da ƙasa ta 2023, wadda Jami'ar Monash ta Ostireliya ta jagoranci tsarawa, ta ce a ɗauki PCOS a matsayin abin da ke ƙara haɗarin ciwon zuciya da na jijiyoyin jini. Ta ce a riƙa auna hawan jini kowace shekara, a duba kitsen jini tun lokacin da aka gano cutar, a kuma gwada suga duk shekara ɗaya zuwa uku. Gwajin da ya fi nuna gaskiya shi ne wanda za ki je ba ki karya ba, a ɗebi jini, a ba ki ruwa mai giram 75 na suga ki sha, a sake ɗiba bayan awa biyu. Ki nemi a yi miki shi a manyan asibitocinmu, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Kada wannan ya firgita ki. Mace mai shekara talatin da 'yan kai, ko da tana da PCOS, da wuya ciwon zuciya ya kayar da ita yanzu. Ɓarnar a hankali take taruwa a cikin jijiyoyi, shekara bisa shekara, kuma shekarun da kike ciki su ne suka fi kowane lokaci amfani wajen tsayar da ita.

Amarya, Runjin Sambo

Likita, ni ma an gaya mini ina da ita wata shida da suka wuce, kuma ina bin wata mata a TikTok da ta ce duk mai PCOS ta yi ban kwana da tuwo, da shinkafa, da fura, da wake, ta koma nama da ƙwai da man shanu kawai. Na yi mako uku a haka, na rage kilo biyu da rabi, amma ina fama da jiri da taurin bayan gida, kuma kuɗin cefanen mako guda kan ƙare a kwana uku. Tana kuma sayar da wani shayi da ta ce yana narkar da ƙurajen gidan ƙwai. Shin in ci gaba?

Gwaggo, Kanwuri

'Ya'yana, ku yi mini uzuri, jikata ce ke rubuta mini wannan. Shekarata 71, kuma tun da na yi wayo da fura nake wuni, da tuwon dawa nake kwana. Uwata haka ta yi, kakata haka ta yi, kuma ba mu san wannan ciwon suga da hawan jini na yara mata ba. Yau a ce gero ne ya zama dafi? Ni ban yarda ba. Abincin da ya raini Sakkwatawa tun zamanin Shehu ba shi ne zai kashe jikokinsu ba.

Malamar Abinci, Minanata

Gwaggo, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Ina tare da ke a kan gero, sai dai ina neman izini in ce furar da kika sha da wadda muke sha yanzu sunansu ne kawai ɗaya. Taki ke kika daka ta a turmi har gumi ya jiƙa miki zane, kika dama da nonon da Bafulatana ta kawo mai tsami, ba ki sa suga ba, sannan kika ɗauki tulu kika tafi rijiya. Tamu inji ya niƙa ta lukui, muka dama da yogot mai zaƙi, muka ƙara suga cokali uku da madarar gwangwani, muka sha cikin babban kofi, muka kwanta a ƙarƙashin fanka. Akwai kuma matan da suka yi wannan ciwon a zamaninku aka ce iska ce ko ajali, saboda babu mai aunawa.

Ki duba abin da muke yi wa hatsi. Muna surfa shi har ya yi fari tas, mu kwashe dusar mu zuba wa tumaki, alhali a cikin dusar nan ne abin da ke rage saurin shigar suga cikin jini yake, kuma ita ce ke taimakawa wajen rage kitsen jini. Idan aka wanke gero ko dawa aka niƙa ba tare da surfe mai yawa ba, tuwon zai ɗan yi duhu, amma zai daɗe a ciki, kuma yunwar ƙarfe goma sha ɗaya ba za ta kama mutum ba.

Ke kuma ƙanwata amarya, jagorar 2023 ɗin nan da Likita ta ambata ta duba tsare-tsaren cin abinci iri-iri, ba ta samu wanda ya fi sauran ga masu PCOS ba. Wanda ya fi shi ne mai lafiya wanda za ki iya dawwama a kai. Tsarin da ya cinye kuɗin mako a kwana uku ba zai kai ki ƙarshen shekara ba, kuma cika ciki da man shanu da kitsen nama kullum yana iya ɗaga irin kitsen jinin da ke toshe jijiyoyin zuciya, wato abin da muke gudu. Hana ki wake kuwa shi ya fi ba ni takaici, domin a kasuwarmu babu abin da ya kai shi amfani ga mai wannan lalura idan aka dubi farashinsa. Shayin ki bar mata abinta. Abin da ke cikin gidan ƙwai ba ƙurji ba ne balle a narkar da shi.

Ga yadda nake koya wa mata a aikace. Idan kin saba cin malmala biyu, ki ci ɗaya, ki cika gurbin da miya mai yawan ganye, kuka ce ko kuɓewa ko sure ko alayyafo, a sa wake ko kifi ko awara a ciki. Idan shinkafa ce, wake ya kusa yin daidai da ita, a yanka albasa da tumatir da kabeji a kai. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli cikakken abincin rana ne. Fura ki sha dawo ɗaya da nono marar suga, ki ƙirga ta a matsayin abinci, kada ta zama ruwan da za a kora tuwo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da babba ke ƙarawa kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, kuma rabin haka ya fi, alhali robar lemo ɗaya ta rabin lita takan haura cokali goma. Kunun zaƙi da zoɓon da ake ƙullawa a leda ba su da nisa da haka.

Gwaggo, Kanwuri

To, wannan magana ce. Mu ma ba kullum muke surfe sosai ba, sai ranar baƙi.

Uwar Biyu, Mabera

Na gode ƙwarai. Malama, to maganar hawan jinin fa? Na daɗe da rage gishiri a miya, amma ga abin da awo ya nuna.

Malamar Abinci, Minanata

Yaya, ki ƙirga dunƙule nawa kike jefawa a tukunya ɗaya. Na san gidajen da ake sa biyar ko shida a miyar dare, sannan a ce an rage gishiri, alhali babban abin da ke cikin dunƙulen gishiri ne. Haka ƙullin da ke cikin ledar Indomie, haka yajin tsire da kilishi, haka kanwar da muke jefawa a wake da miyar kuka, domin ita ma sinadarin da ke ɗaga jini ne a cikinta. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma ya haɗa da duk waɗannan. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, harshen mutanen gida zai saba cikin 'yan makonni. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da garin busasshen kifi za su riƙe miki ɗanɗano. Wake kuma ki jiƙa shi tun dare, zai nuna ba tare da kanwa ba. A wajen mai, ki fi dogara da man gyaɗa, ki auna shi da cokali maimakon tuttulawa daga galan, ki kuma daina maimaita suya da man da ya yi baƙi.

Matar Malam, Gidan Igwai

Duk na ji maganar abinci, kuma tana hannunmu tun da mu ke girki. Motsa jiki ne nake ganin an faɗe shi ba tare da an dubi halinmu ba. Ni ba na fita sai da lalura, gidanmu ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, kuma a watan Afrilu zafin garin nan yakan haura digiri 40. Ina zan yi wannan tafiyar? Idan kuma na fara zagaye tsakar gida, matan gida za su ce na samu taɓin hankali.

Malamar Islamiyya, Ƙofar Atiku

'Yar uwa, ki bar masu magana su yi. Ya tabbata a ruwayar Abu Dawuda cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce shi, bayan wani lokaci da jikinta ya yi nauyi suka sake yi ya wuce ta. Abin da Uwar Muminai ta yi ba zai zama abin kunya ga matar malami ba. Haka kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi, ya riga duk wani likita yin maganar rage malmala. Ni da maƙwabtana uku muna zagaye harabar makarantarmu bayan sallar Asuba da hijabanmu, kafin rana ta fito, muna yin azkar ɗinmu a tafe.

Likitar Mata, Arkilla

Allah ya saka wa Malama. Abin da ake nema minti 150 ne zuwa 300 a mako na motsi mai ɗan ɗaga numfashi, irin wanda za ki iya magana a cikinsa amma ba za ki iya jan dogon karatu ba. Minti 30 a kwana biyar ya cika mafi ƙarancin, kuma ana iya raba shi goma-goma. Minti goma na zagayen tsakar gida bayan tuwon dare yana da daraja ta musamman, domin a lokacin ne suga ke hawa, tsokar da ke aiki kuwa tana janye shi ko da insulin bai yi ƙarfi ba. A ƙara da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, kuma daka a turmi, da jan guga, da tashi da zama daga kujera sau goma sha biyar duk suna ciki. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, a kan mutanen da suke dab da kamuwa da ciwon suga, ya nuna gyaran abinci da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari, maganin suga na metformin kuwa ya rage da kashi 31. Ba a kan masu PCOS kaɗai aka yi shi ba, amma matsalar insulin ɗin iri ɗaya ce.

Ɗaliba, Dundaye

Anti Likita, ni siririya ce, nauyina kilo 51, amma ina da PCOS. Na ɗauka wannan zancen na masu jiki ne. Hasali ma ana shirin bikina bayan Babbar Sallah, kuma yayyena sun kawo mini ƙwayoyin ƙiba da gumba da tsumi, sun ce ba za a kai ni gidan miji kamar sillen kara ba.

Likitar Mata, Arkilla

Ƙanwata, ina roƙonki da girman Allah kada ki sha ƙwayoyin nan. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe dexamethasone ne, wato wani maganin kumburi mai ƙarfi, kuma illarsa a jiki ita ce ɗaga suga, da ɗaga jini, da tara kitse a ciki da fuska, wato daidai abin da PCOS ta riga ta fara. Na ga amaren da aka kawo wata biyu bayan biki fuska ta kumbura, cinya ta tsattsage, suga ya hau. Hakin maye kuma, ko a bar maganar abin da ba a sani ba a cikinsa, yawancinsa zuma ne da mazarƙwaila da suga. Siririya ma tana iya samun matsalar insulin, don haka gwaje-gwajen nan sun shafe ki, sai dai ke ba rage nauyi ake nema gare ki ba, ki riƙe inda kike, ki motsa jiki.

Ga masu jiki kuma, ba a ce ku koma kamar 'yan mata ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, yakan gyara suga da jini, sau da yawa har al'ada ta dawo. Ku sa tef ɗin tela ku auna ƙugu daidai saman cibiya, a so ya kasance ƙasa da santimita 80. Ko sikeli bai motsa ba, gyaran abinci da tafiya suna amfanar zuciya. Ina kuma son dangi su ji wannan: mai PCOS tana shan wahalar rage nauyi fiye da sauran mata, kuma damuwa da baƙin ciki sun fi yawa a cikinsu, saboda haka gorin ƙiba da gorin haihuwa ƙara musu ciwo suke yi.

Yaya Uwar Biyu, idan kin je ki faɗa wa likita ko kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, domin mai haɗin sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ba. Ki kuma faɗa idan kina neman wani cikin, saboda wasu magungunan hawan jini, irin su lisinopril, ba a shan su da juna biyu. Idan maigida ya ce kina minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, shi ma ki ambata. Zoɓo marar suga yana ɗan sauke jini, amma ba ya maye gurbin magani.

Uwar Biyu, Mabera

Assalamu alaikum. Na dawo bayan mako biyu kamar yadda na yi wa wasunku alkawari. An sake auna jinina sau uku, bai sauka ƙasa da 144 bisa 92 ba, don haka an ɗora ni a kan ƙwaya ɗaya da safe. Sugana kafin karyawa 6.3 ne, bayan awa biyu da shan ruwan sugan kuma 8.4. Likita ya ce ban kai ciwon suga ba, amma ina bakin ƙofarsa, kuma za a sake gwaji nan gaba. Ƙuguna santimita 97. Na yi kuka a cikin Keke Napep a hanyar dawowa, domin na tuna Inna ba ta taɓa samun wanda ya auna ta ba sai ranar da ta faɗi.

Dunƙule na rage daga biyar zuwa uku, maigida ya lura a daren farko, na nuna masa takardar asibiti, bai ƙara cewa komai ba, jiya ma shi ya sayo zogale. Ina zagaye tsakar gida bayan Isha'i, tagwayen suna bina suna ƙirga mini. Inda na kasa shi ne tuwon da ba a surfa ba, domin nawa ya yi gari-gari ya ƙi kamuwa, yara suka ture.

Gwaggo, Kanwuri

Ɗiyata, ruɗen ne ba ki bari ya dahu ba. Irin wannan garin yana son ruɗe mai kauri, a rufe shi ya daɗe yana tafasa kafin a zuba sauran gari, a tuƙa, a sake rufewa ya turara a kan wuta kaɗan. Ki fara da haɗa rabi surfaffe rabi wanda ba a surfa ba har yaran su saba. Jikata za ta tura miki kwatancen gida, ki zo ranar Asabar bayan La'asar da tiya ɗaya ta dawa, mu tuƙa tare ki gani da idonki.